Babi na Biyar: Tsadar Asibiti da Ingancinsa

Idan ciwo ya kwantar da mutum, a tsakar gida ake yanke shawarar inda za a kai shi, ko kuma a waya, tsakanin babban wa da kawu da wani maƙwabci da ya taɓa jinyar mahaifiyarsa. Wannan ya ce a tafi babban asibitin gwamnati, wancan ya ce layin can sai a wuni ba a ga likita ba, gara asibitin kuɗi. Hujjojin da ake kafawa kusan iri ɗaya ne daga Kano har Maraɗi: wurin akwai tsafta, nas-nas ɗinsu ba sa yi wa mutane tsawa, likitansu yana da hannu, kuma wane da aka kai ranga-ranga ya dawo da ƙafarsa. Daga nan sai tambayar da ke sa kowa ya sunkuyar da kai: nawa za a kashe, kuma wa zai kawo?

Nauyin wannan tambaya yana da dalili. A Najeriya fiye da kashi 70 cikin 100 na duk kuɗin da ake kashewa kan lafiya daga aljihun marasa lafiya da danginsu yake fitowa kai tsaye, kuma ƙasashe kaɗan ne a duniya suka kai wannan matsayi. A watan Afrilun 2001 shugabannin Afirka sun taru a Abuja suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu ga lafiya, amma ƙasar da ta karɓi baƙuncin taron ta fi yawan tsayawa a wajen kashi 5. An fara aiki da inshorar lafiya ta ƙasa a 2005, a watan Mayun 2022 kuma aka sa hannu kan sabuwar doka da ta wajabta ta a kan kowa. Har yanzu dai mafi yawan manoma da 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu ba sa ciki. Saboda haka duk wanda ya shiga asibiti ciniki ya je yi, ko ya sani ko bai sani ba.

Sai dai ciniki ne mai ban mamaki. Mai sayen rago a kasuwar Wudil yana taɓa gadon bayansa, ya buɗe bakinsa ya duba haƙora, ya taya, in an yi masa albarka ya matsa gaba. A asibiti kuwa mai sayarwa shi ne yake gaya maka abin da kake bukata, ba ka san farashi ba sai an gama, ba ka da lokacin zagayawa, kuma ko bayan an sallame ka da wuya ka iya cewa maganin ne ya warkar da kai ko kuwa jikin ne da ma zai warware da kansa. Masanin tattalin arziki na Amurka, Kenneth Arrow, ya nuna tun 1963 cewa wannan rata ta sani tsakanin likita da marar lafiya ita ta sa kasuwar magani ba ta tafiya irin ta sauran kaya. Da yake mutum ba ya iya ganin ingancin, sai ya kama abin da ido ke gani ya mai da shi ma'auni: tayil, na'urar sanyaya ɗaki, fararen riguna, da tsadar kanta. Araha ba ta ado, in ji mu, don haka wurin da ya fi caji lallai ya fi iya aiki. Wani lokaci haka ne. Sau da yawa kuma ba haka ba ne.

A 1966 wani likita ɗan asalin Armeniya da aka haifa a Berut, Avedis Donabedian, wanda ke koyarwa a Jami'ar Michigan, ya kawo hanyar auna asibiti da har yau ake amfani da ita. Ya ce a dubi abu uku: abin da asibitin ya mallaka, abin da ake yi wa marar lafiya, da yadda marar lafiyar ya ƙare. Jama'a sun fi tsayawa a na farko, a cikinsa ma suna duban abin da bai kai ya kawo ba. Matar da jini ya ɓalle mata bayan haihuwa da ƙarfe biyun dare ba ruwanta da tayil. Abin da zai tsamo ta shi ne a ce akwai jini a ajiye, akwai likitan da ke kwana a asibitin ba wanda za a tayar a waya daga wata unguwa ba, akwai mai ba da maganin barci da ya koyi aikin, akwai iskar oksijin a tukunya, kuma janareto zai tashi idan wuta ta ɗauke. Duk waɗannan ana iya tambayarsu tun ranar awon ciki na farko, lokacin da hankali ke kwance. Haka nan takardar rajista. Kowane likita a Najeriya sai hukumar MDCN ta ba shi lasisi, wanda yake sabuntawa duk shekara, kuma jihohi suna da masu sa ido kan asibitocin kuɗi. A Kano hukumar PHIMA ta sha rufe wuraren da aka tarar waɗanda ba likitoci ba suna duba mutane. Ba rashin kunya ba ne mutum ya ɗaga kai ya karanta takardun da aka maƙala a bango.

Ma'auni na biyu shi ne wanda mai jinya zai iya lura da shi da idonsa, in ya san abin da zai duba. Likitan ya saurari bayani, ko kuwa tun kafin a zauna ya fara rubutu? Ya taɓa jikin marar lafiya, ya auna jini da zafin jiki, ya saurari ƙirji? Ya faɗi sunan ciwon da yake zargi? Ya wanke hannu kafin ya buɗe rauni? Wannan na ƙarshe ya yi kama da ƙaramin abu, amma da shi Ignaz Semmelweis ya karya mace-macen masu jego a wani asibitin Biyana a 1847, lokacin da ya tilasta wa likitoci wanke hannu da ruwan kulorin kafin su taɓa mata. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da wata takarda mai tambayoyi 19 da ake karantawa da baki a ɗakin tiyata: wane ne wannan, wane gefe za a yanka, an ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta, an ƙirga auduga da kayan aiki kafin a ɗinke. An gwada ta a asibitoci takwas, ciki har da na Ifakara a karkarar Tanzaniya, da na Delhi da Amman da Landan. Mutuwar bayan tiyata ta sauko daga kashi 1.5 zuwa 0.8 cikin 100. Ba a sayi sabuwar na'ura ko ɗaya ba.

Wurin da ya fi cancanta a sa ido, a ganina, shi ne ɗakin kwanciya bayan an fito da mutum daga tiyata. Dangi sukan yi ajiyar zuciya da zarar an ce "an yi aiki lafiya", su fara kiran 'yan'uwa ana barka. Wani babban bincike da aka buga a mujallar Lancet a 2018, wanda ya bi marasa lafiya fiye da 11,000 a asibitoci 247 na ƙasashen Afirka 25, ya gano cewa waɗanda aka yi wa tiyata a nahiyar sun ninka matsakaicin duniya sau biyu wajen mutuwa, alhali sun fi ƙuruciya kuma ayyukan da aka yi musu sun fi sauƙi. Kusan duk waɗanda suka mutu ba a kan teburin tiyata suka rasu ba. A kwanakin da suka biyo baya ne, a kan gado, jikinsu ya rikice babu wanda ya lura da wuri. A cikin matan da aka yi wa tiyatar haihuwa kuwa, mutuwar ta ninka ta ƙasashe masu arziki kusan sau 50. Don haka allon nan da ake ratayawa a ƙarshen gado, inda nas ke rubuta bugun zuciya da awon jini da numfashi, ya fi duk wani ado na asibitin muhimmanci. Idan ka ga an wuni ba a rubuta komai a kai ba, ko nas ɗaya ce ke riƙe da ɗaki mai gado talatin cikin dare, ka san inda haɗarin yake. Ba lallai laifin nas ɗin ba ne. A 2024 Ministan Lafiya, Muhammad Ali Pate, ya ce likitoci kusan 16,000 sun bar ƙasar cikin shekaru biyar, waɗanda suka rage kuma kimanin 55,000 ne ga mutum fiye da miliyan 200. Nas-nas ma haka suke ta ficewa.

Mun daɗe muna ɗauka cewa babbar matsalarmu ita ce mutane ba sa zuwa asibiti, shi ya sa ake ta wa'azi a rediyo. Wani kwamitin masana da mujallar Lancet Global Health ta kafa ya fitar da lissafi a 2018 wanda ya kamata ya sanyaya wa masu wannan wa'azi jiki. A ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali, mutum miliyan 3.6 ke mutuwa duk shekara don ba su kai asibiti ba, amma miliyan 5 suna mutuwa bayan sun kai, saboda kulawar da suka samu ba ta da inganci.

Ma'auni na uku, wato sakamako, shi ne mafi gaskiya kuma shi ne mafi wuyar samu. Fiye da shekara ɗari da suka wuce wani likitan tiyata a Boston, Ernest Codman, ya dage cewa kowane asibiti ya bi kowane marar lafiya har shekara guda bayan sallama, ya rubuta ko ya warke, in bai warke ba kuma a faɗi dalili. Abokan aikinsa suka juya masa baya, sai ya buɗe nasa ƙaramin asibitin yana buga sakamakonsa a takarda, har da kurakuransa. A ƙasar Hausa ma an ga irin wannan ɗabi'a. A Babbar Ruga, bayan garin Katsina, tsohon asibitin kutare ne wanda gininsa ba zai burge kowa ba, amma a nan Dokta Kees Waaldijk, ɗan ƙasar Holan, ya shafe shekaru da dama yana gyaran matan da ke fama da yoyon fitsari, yana rubuta bayanin kowace mace da yadda aikinta ya ƙare. Daga wannan tarin rubutu ne aka koyar da ɗaruruwan likitoci da nas-nas, matan kuwa ba kuɗinsu ne ya saya musu wannan ƙwarewa ba.

A nan akwai tarko da ya kamata a yi hattara da shi. Za ka ji ana cewa, "Kada ku kai shi asibitin koyarwa, can mutuwa ake yi." Gaskiya ne gawa ta fi fita daga asibitin Malam Aminu Kano ko na Shika fiye da ƙaramin asibitin kuɗi na unguwa. Amma su waye ake kai musu? Wanda aka yi mako biyu ana ɗura wa ruwa a wani wuri, da aka ga numfashi ya fara sarƙewa sai aka rubuta takarda aka ce a garzaya da shi gaba. Ƙaramin asibitin ya karɓi kuɗin, babban ya karɓi gawar, sunan ƙaramin kuma ya tsira a gari. Yawan mutuwa shi kaɗai ba ya auna komai sai an san halin da mutanen suka zo a ciki. Alamar ƙaramin asibiti nagari ma ita ce ya san iyakarsa, ya tura mutum gaba tun a ranar farko.

Mu koma kan rasit. Lissafin asibiti ba ya zuwa a dunƙule, tsinta-tsinta yake zuwa. A yanki kati, a biya kuɗin ganin likita, a je gwaji, a ɗauki hoto, a biya kuɗin gado, a sayo safar hannu da sirinji da filasta, a nemo mai ba da jini sannan a biya kuɗin gwada shi. "Malam, je ka biya ka kawo rasit," sau biyar a wuni. Ga kuma abin da ba ya shiga kowane rasit: kuɗin mota daga ƙauye, abincin masu jinya, shagon da aka rufe, gonar da ciyawa ta cinye. Masu lissafin lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya sun kasance suna ɗaukar gida ya shiga masifa idan magani ya ci fiye da kashi 10 cikin 100 na abin da yake kashewa. Ga ma'aikacin da ke kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024, kwana kaɗan a gadon asibiti sun isa su wuce wannan iyaka. Daga nan sai sayar da tunkiya, sai keken ɗinkin uwargida, sai jinginar da gona.

Yadda ake cajin kansa yana da tasiri a kan irin maganin da ake bayarwa. Idan asibiti yana samun kuɗi ne a kan kowace leda ta ruwa, kowace allura, kowane gwaji da kowane kwanan gado, to ko likitan waliyyi ne tsarin yana tura shi wajen yawaitawa. Daga nan "maleriya da taifot" ta zama cutar kowa da kowa. Gwajin Widal da ake dogaro da shi wajen cewa mutum yana da taifot yakan nuna alama a jinin mutanen da ba su da ita, musamman a ƙasashen da cutar ta daɗe tana yawo, ko kuma mutum yana ɗauke da zazzaɓin cizon sauro kawai. Sakamakon shi ne allurai masu tsada na kwanaki ga wanda ƙwayoyin kwana uku za su ishe shi, su kuma ƙwayoyin cuta suna ta sabawa da maganin. Mu ma da namu alhakin. Likitan da ya ce a je gida a sha ƙwaya a huta, raina shi ake yi. "Likita, a taimaka a ƙara mata ruwa ko leda biyu ce, ka ga jikin ba ƙwari." Mai asibitin kuɗi ya san in bai ɗaura ba maƙwabcinsa zai ɗaura, kuma a ce can sun fi kula. Mutumin da ke iya sha da bakinsa, a mafi yawan lokuta, ruwan gishiri da sukari ya fi masa ledar da za a rataya.

Magani shi ne babban ramin da kuɗi ke zurarewa. Bayan faɗuwar darajar naira a 2023, da kuma sanarwar kamfanin GSK a watan Agustan shekarar cewa zai daina harka kai tsaye a Najeriya, farashin magunguna irin su Augmentin da abin shaƙa na Ventolin da masu asma ke dogaro da shi ya ninka sau da yawa. Abin da mutane da dama ba su sani ba shi ne yawancin magunguna suna da suna biyu, na sinadarin da ke ciki da na kamfanin da ya yi shi, kuma kamfanoni da yawa suna yin sinadari ɗaya a farashi mabambanta. Mutum yana da ikon ya ce a rubuta masa sunan sinadarin, ya tambayi mai harhaɗa magani wanne ne mai sauƙi kuma amintacce. Amma arahar ma tana da nata ramin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa ɗaya cikin kowane magani goma a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko marar ƙarfi. Lambar NAFDAC da ranar lalacewa da kantin da ke da rajista su ne kariyar da ake da ita.

Sai kuma "kyauta". A Nijar gwamnati ta ɗauke kuɗin tiyatar haihuwa da na jinyar yara 'yan ƙasa da shekara biyar a tsakanin 2005 da 2006, kuma iyaye sun yi tururuwa zuwa asibitoci. Tsarin shi ne asibiti ya yi aikin, gwamnati ta biya shi daga baya. Da biyan ya riƙa jinkiri na watanni, har shekaru, sai ɗakunan magani suka bushe, aka koma miƙa wa uwa takarda ta je kanti. A wannan gefen iyaka ma kowa ya san jimlar nan: "Babu, sai dai ku sayo a waje." A watan Nuwamban 2024 gwamnatin tarayyar Najeriya ta sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa galihu. Abin da zai nuna ko ta tabbata shi ne tsawon takardar da ake ba miji ya sayo kafin a shiga da matarsa.

Mafi ɗacin lissafi shi ne kafin alƙalami a ƙofar gaggawa. "Alhaji, sai ka ajiye wani abu kafin a taɓa shi." Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana kowane asibiti ko ma'aikaci ƙin ba da taimakon gaggawa bisa kowane dalili, ta kuma tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba. A 2017 an ƙara wata doka da ta wajabta karɓar wanda aka harba ko babu takardar 'yan sanda. Masu asibitoci suna da tasu amsar, kuma ba ta wofi ba ce: wa zai biya su in dangi sun gudu? Dokar 2014 ta ware wani ɗan kaso na asusun lafiya a matakin farko don irin wannan bukata, amma muddin kuɗin ba sa isa hannun asibiti da sauri, mai gadi da akawu ne za su ci gaba da fassara doka da tsakar dare.

Duk da haka mai jinya ba hannu rabbana yake ba. Kundin haƙƙoƙin marasa lafiya da Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, ya ƙaddamar a 2018 ya ba marar lafiya ikon a yi masa bayani da harshen da yake ji, a kuma bayyana masa duk kuɗin da za a caje shi ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Kafin tiyatar da ba ta gaggawa ba, a nemi jimlar kuɗin a rubuce, a tambaya ko jini da magani da kwanakin gado suna ciki, kuma in rauni ya ruɓe aka koma ɗakin tiyata, wa zai biya. A tambayi likitan sau nawa yake yin irin wannan aiki a wata, domin hannun da ya saba ya fi wanda ke yi jefi-jefi. A tambaye shi abin da zai faru in ba a yi ba. Kunya takan hana mu, muna ganin kamar tuhuma ce ga mai ilimi. Na lura likitan da ya san aikinsa ba ya jin haushin irin waɗannan tambayoyi, yakan ma gyara zama ya ɗauko takarda ya zana maka.

Idan kuma abin ya zo da ƙarar kwana, mukan ce haka Allah ya ƙaddara, mu ɗauki gawa mu tafi, kuma wannan tawakkali ne ke riƙe zukata da yawa. Sai dai yarda da ƙaddara bai hana a tambayi ƙarfe nawa aka kira likita, ƙarfe nawa ya zo ba. Najeriya tana da tsarin da ya ce duk macen da ta rasu wajen haihuwa ma'aikata su zauna su bi fayil ɗinta daki-daki don gano inda aka yi jinkiri, ba don a kama wani ba. Dangi suna iya tambaya ko an yi wannan zama. Inda kuwa ake zargin sakaci na fili, ana kai ƙorafi a rubuce, tare da takardar rantsuwa, ga kwamitin bincike na MDCN, wanda ke iya miƙa likita ga kotun ladabtarwa ta hukumar. Kotun tana da ikon yin gargaɗi, ko dakatar da shi har wata shida, ko soke sunansa daga rajista gaba ɗaya. Abin da za a nema a hannun mai ƙara shi ne rasit, takardun gwaji, sunayen magungunan da aka bayar da kwanan wata, wato takardun da yawancinmu ke bari a ƙarƙashin gadon asibiti ranar sallama.